Warin danshi a banɗaki: ta ina ake fara neman tushensa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, a gidan da na gina shekara 6 da suka wuce. Wata uku ke nan banɗakin da ke cikin ɗakin kwanana yana wani wari na danshi, musamman da asuba idan ya kwana a rufe. Kullum ana wanke shi, an zuba Izal, an zuba Hypo, sai warin ya lafa na yini guda ya dawo. Ban ga ruwa yana zuba a ko'ina ba, amma kayan da ke cikin sif ɗin da ke jingine da bangon banɗakin sun fara ɗaukar warin. Wani mai gyara ya ce sai an fasa tayil ɗin gaba ɗaya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka bari a ɗora guduma a kan tayil ɗin nan tukuna. Na daɗe ina aikin famfo da gyaran gini, kuma babu abin da ya fi ci mini rai kamar in shiga gida in tarar an farfashe banɗaki, an kashe kuɗi masu yawa, an mayar da sabon tayil, bayan wata biyu warin ya dawo, saboda tun farko ba a san daga inda yake fitowa ba. Wari ba ya zuwa haka kawai. Ko dai akwai ruwan da ya tsaya a inda bai kamata ya tsaya ba, ko kuma akwai iskar da take shigowa ta wata kafa da ya kamata ta kasance a toshe. Izal da Hypo suna rufe warin ne na ɗan lokaci, ba sa kaiwa ga ruwan da ke cikin bango. Duk gwaje-gwajen da zan faɗa maka za ka iya yin su da hannunka cikin mako guda ko biyu, kuma kusan duka ba sa buƙatar ka sayi komai.

Ka fara da hancinka, domin shi ne kayan aikin farko. Mutane kan haɗa wari iri uku su kira su da suna ɗaya, alhali kowanne tushensa daban. Akwai zarni, wanda yake fitowa daga fitsarin da ya shige tsakanin tayil ko ƙarƙashin gindin masai. Akwai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda iskar sokawe ce. Sannan akwai warin fumfuna, irin wanda ake ji idan aka naɗe jiƙaƙƙiyar tabarma aka jingine ta a lungu kwana biyu ba ta bushe ba. Don ka rarrabe su, a daina zuba kowane irin magani ko turare a banɗakin har kwana biyu, a rufe ƙofa da taga ya kwana haka. Da safe ka fara fita tsakar gida ka shaƙi iska, sa'an nan ka shiga kai tsaye, domin hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintoci ya daina jin sa. Ka durƙusa ka shinshina wuri-wuri: bakin rariyar ƙasa, bayan masai, ƙarƙashin wurin wanke hannu, kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, da kuma ƙasan ƙofa. Idan da hali ka kira wanda ba a ɗakin yake kwana ba ya yi maka wannan aikin, hancinsa zai fi naka faɗin gaskiya.

Kafin nan a fitar da duk abin da ake iya ɗauka: soso, tsumman goge ƙasa, shimfiɗar roba, labule, kwandon wanki, da bokitin da ya daɗe a wuri ɗaya. A duba ƙasan ƙofar katako ko ya kumbura ya yi baƙi, a kuma leƙa ƙaramar kafar nan da ke saman kwanon wanke hannu wadda take hana ruwa ambaliya, domin datti mai yauƙi yana taruwa a cikinta kuma ba kasafai ake tunawa da ita ba. Wani lokaci maganar a nan take ƙarewa.

Idan abin da ka ji ɗoyi ne, to maganar ta iska ce. Kowane abu da ke zubar da ruwa a banɗaki, masai ne ko kwanon wanke hannu ko rariyar ƙasa, ya kamata a ce yana da lanƙwasa a bututunsa wadda take riƙe ɗan ruwa a koyaushe, mai zurfin kamar santimita 5. Wannan ɗan ruwan shi ne murfin da ke tsakanin ɗakinka da sokawe. Ruwan da kake gani zaune a cikin masai aikinsa ke nan. Matsalar da na fi gani a gidajenmu ita ce rariyar ƙasa da aka sa mata marfi mai huji kawai, aka zarce da bututu miƙe ba lanƙwasa, aka kuma haɗa shi da layin masai. Irin wannan kamar ka buɗe wa sokawe taga ne a cikin ɗakin kwananka. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka shimfiɗa leda a kan rariyar, ka ɗora bokiti cike da ruwa ya danne ta, ka toshe kwanon wanke hannu, ka bar su su kwana. Idan da safe warin ya tafi, ka kama ɓarawonka. Ko da akwai lanƙwasar, ruwan cikinta yana ƙafewa idan an daɗe ba a yi amfani da banɗakin ba, musamman da hunturu lokacin da iskar Kano take bushewa ƙwarai, shi ya sa banɗakin ɗakin baƙi ya fi yin wannan. Maganinsa kofi biyu na ruwa duk mako.

Daga nan ka kama masai da hannu biyu ka ɗan girgiza shi. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. A bayansa ko ƙarƙashinsa akwai robar da take haɗa shi da bututun inci 4, kuma idan masai yana rawa, robar tana sakin jiki, iska ta riƙa fita, ruwan ƙazanta kuma ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kora. Ka naɗa busasshiyar takarda a mahaɗar, ka kora ruwa sau uku, ka duba ko ta jiƙe. Sannan ka fita waje ka nemi bututun da ke fitar da iskar sokawe, wanda ya kamata ya wuce saman rufi da raga a bakinsa. Idan babu shi, ko an yanke shi daidai taga, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, za ka ji rariya tana ƙugi idan an kora masai, alamar ana tsotse ruwan da ke cikin lanƙwasa ke nan. A watan Agusta kuma, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sokawe yakan cika ya riƙa turo iska baya. A nan dole in ja kunne: kada kowa ya shiga sokawe ko ya zura kai ciki da sunan dubawa. Iskar da ke ba da warin ƙwan nan guba ce, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya zaci babu komai sai ya faɗi.

Amma bisa abin da ka bayyana, ba na tsammanin nan gizo ke saƙar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne sif. Iskar sokawe ba ta ratsa bulo da filasta ta zauna a cikin tufafi. Abin da ke yin haka shi ne bangon da ya sha ruwa. Saboda haka yau ɗin nan ka janye sif ɗin, ka haska bangon da tocila daga gefe. Ka nemi fentin da ya kumbura ko yake ɓarewa, da ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, da farin gari kamar gishiri da ke fitowa daga filasta. Ka shafa da bayan hannunka, wurin da ya jiƙe ya fi sanyi. Ka duba katakon bayan sif ɗin, sau da yawa fumfunar a kansa take fara zama, domin wurin babu haske kuma iska ba ta ratsawa.

Siffar nason tana da abin da take faɗa. Idan ya fara daga ƙasa ya hau sama, ya fi ƙarfi daidai inda ake wanka, to ruwa yana shiga ne ta daɓen banɗaki. Idan ya yi da'ira a tsakiyar bango, daidai tsayin famfo ko kan shawa ta ɗaya gefen, to bututun da ke binne ne yake yoyo. Idan daga sama yake gangarowa, a dubi rufi ko banɗakin bene. Sai dai a yi hattara da abu guda: bulon da muke gini da shi mai rami ne a ciki, ruwa yana iya zuba daga sama ya bi ramin ya taru a ƙasa, ya fito a wurin da ke nesa da inda ya fara. Shi ya sa ba na yarda da ido kaɗai, kuma shi ya sa fasa wurin da ya fi jiƙewa yake yawan zama asara.

Akwai gwajin leda da ke raba gardama tsakanin ruwan cikin bango da gumin iska. Ka yanki leda fara kamar faɗin kamu biyu, ka manna ta a bangon da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan raɓa ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki, tururin wanka ne yake sauka a bango, matsalarka ta rashin iska ce. Idan ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ko wurin ya yi duhu, to ruwan daga cikin ginin yake fitowa.

In har daga ciki ne, hanya uku ce: bututun da ke kawo ruwa, ko ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, ko ruwan waje. Kowanne yana da halinsa. Yoyon bututun da ke kawo ruwa ba ya hutawa, dare da rana, damina da rani. Tunda yawancin gidaje yanzu da tankin sama suke aiki, tankin shi ne ma'auninka. Ka cika shi, ka kashe injin jan ruwa, ka tara ruwan da iyali za su buƙata a bokitai, ka rufe ƙaramin famfon da ke bai wa tankin kowane masai ruwa, sannan ka zura sanda ka yi alama daidai inda ruwa ya tsaya. Bayan awa 24 ka sake aunawa. A tankin da faɗinsa ya ɗan haura mita guda, saukar santimita 1 kusan lita 10 ce. Yoyon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a yini, wato kusan jarka guda ta mai garuwa tana shiga cikin bangonka kullum ba ka gani. Idan ruwan ya sauka, sai ka maimaita gwajin bayan ka rufe layin banɗakin nan kaɗai, don ka tabbatar shi ne ba wani ba. Yoyon da ya fi haka ƙanƙanta ba zai nuna a tanki ba. Ga shi sai ka zagaye nason da fensir, ka rufe layin banɗakin mako guda ana shiga da bokiti, ka ga ko nason ya ja baya daga zanen. Ƙwararren mai gyara kuma yana da famfon hannu mai agogo da ake matsa ruwa da shi a cikin layi a ga ko allurar za ta sauka, kuma hakkinka ne ka nemi a yi wannan a gabanka. A gidan da ya shekara 6, inda yoyo ya fi faruwa shi ne mahaɗa: gwiwar da kan shawa ko famfo yake ɗaure a ciki, ko mahaɗar koren bututun nan na PPR da ake narkawa da wuta idan ba a narka shi daidai ba. Tsakiyar bututu ba kasafai yake fashewa ba, sai in an buga ƙusa ko an huda bango don rataya madubi. Ka tuna ko an yi wani aiki irin wannan wata uku ko huɗu da suka wuce.

Na biyun, wato ruwan da aka yi amfani da shi da ke shiga ta daɓe, shi na fi zargi a gidanka, kuma a kansa nake son ka fi tsayawa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tayil yana hana ruwa wucewa. Jikin tayil ɗin yana hanawa, amma layukan da ke tsakaninsu, waɗanda aka cike da farin siminti, suna shan ruwa, kuma da shekaru suna zaizayewa, musamman inda ake wanke su da magani mai ƙarfi. Abin da ya kamata ya tare ruwan shi ne shafen hana ruwa da ake yi a ƙarƙashi kafin a ɗora tayil, a hau da shi jikin bango, kuma a gaskiya gidaje da yawa ba a yi musu shi ba. Ga kuma yadda muke amfani da banɗaki: wanka, tsarki da buta, alwala sau biyar, wani lokaci har wanki. Daɓenmu kusan ba ya bushewa daga asuba zuwa dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ba ta kai kaurin farce ba ta ishi ruwa. Yana shiga, ya zauna a cikin yashi da simintin da ke ƙarƙashin tayil, ya haɗu da sabulu da dauɗar jiki ya ruɓe, sannan bango ya riƙa tsotsarsa kamar lagwani.

Ka ɗauki tsabar kuɗi ko bayan cokali ka ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama da kyau sautinsa a dunƙule yake, wanda ya saki kuwa yana amsawa kamar ganga. Ka taka irin wannan da ƙarfi ka dubi gefensa, wani lokaci za ka ga baƙin ruwa ya ɓullo ta layin. Ka bi da tsinken ƙarfe kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, da kewayen rariya, da gindin masai. Ka watsa ruwa ka ga inda yake kwanciya, domin daɓe mai kyau yana gangara zuwa rariya da kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Sannan ka yi babban gwajin: ka toshe rariya sosai, ka tare bakin ƙofa, ka zuba ruwa ya kai zurfin santimita 2 ko 3, ka jiƙa bular wanki a ciki ya yi shuɗi, ka yi alama a bango, ka bar shi awa 24. Ka ajiye faranti da ruwa a gefe don ka san abin da iska ta sha. Idan ruwan daɓen ya sauka fiye da na farantin, ko shuɗi ya bayyana a ɗaya gefen bangon, magana ta ƙare.

Na taɓa zuwa wani gida inda aka riga aka canza duk bututun banɗaki sau ɗaya, warin bai tafi ba. Da na cire marfin rariya na haska, sai na ga bakin bututun ya tsaya ƙasa da tayil da kamar yatsa biyu, tsakaninsu kuma yashi ne tsirara, ba siminti. Duk wankan da aka yi, wani kaso na ruwan yana bin gefe ya shige ƙarƙashin daɓe maimakon ya faɗa bututu. Na zura yatsa na ɗebo yashin, baƙi ƙirin, da warin da mai gidan ya shekara yana nema. Tayil huɗu muka ɗaga. Don haka ka cire marfin rariyarka ka leƙa da tocila kafin komai.

Na ukun, wato ruwan waje, ya danganta da lokacin da abin ya fara. Idan wata ukun da ka ambata sun faɗo cikin Yuli zuwa Satumba, a hau rufi a duba. Ginin da ake ɓoye kwano a bayan katanga yana da kwatar kankare a sama, wadda ganye da leda da ƙurar rani suke toshewa, ruwa ya kwanta ya bi bango. A duba indararo ko yana zuba a gindin gini, a duba ko an cika ƙasar waje har ta fi daɓen ciki tsayi, a kuma bi bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, domin akan binne shi a bango ya toshe. Danshin da ke tasowa daga ƙasa ba ya cika wuce mita guda, yana barin layin farin gishiri a samansa, kuma za ka gan shi a wasu bangayen gidan, ba na banɗaki kaɗai ba.

Idan kuwa leda ta nuna gumin iska ne, aikin ya zo da sauƙi. Yawancin banɗakunan cikin ɗaki tagarsu ƙarama ce, wasu ma a lungu take buɗewa. A sa fankar da ke jan iska zuwa waje, ba cikin silin ba, a bar ta tana aiki kamar minti 15 bayan wanka, a rage ƙasan ƙofa da santimita 1 don iska ta samu mashiga, a kuma riƙa janye ruwan daɓe zuwa rariya bayan an gama.

Kada ka ɗauki abin da wasa don kawai wari ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, cushewar ƙirji da tashin asma, kuma kai a ɗakin kake kwana. Wajen wanke fumfunar a buɗe taga, a rufe hanci, a sa safar hannu. Kada a taɓa haɗa Hypo ko Jik da maganin wanke masai mai asid, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma a ƙaramin ɗaki rufaffe tana iya kwantar da mutum. Katakon bayan sif idan ya ruɓe a cire shi a sa sabo, wanki ba ya raba shi da warin.

Idan gwaji ya nuna maka wurin, sai ka kira mai gyaran ka nuna masa abin da ka gani, a fasa daidai nan kawai. In layukan tayil ne suka zaizaye kuma tayil ɗin bai saki ba, a kankare tsohon cikon a sa sabo mai hana ruwa, a bi kusurwoyi da silikon. Sai idan tayil da yawa suna amsawa kamar ganga kuma ruwa ya cika ƙarƙashinsu ne ɗaga daɓen gaba ɗaya ya zama dole, kuma a lokacin ka tsaya da kanka ka ga an yi shafen hana ruwa, an hau da shi bango aƙalla santimita 15, ya fi haka a wurin shawa, an kuma sake gwajin ruwa na awa 24 kafin a ɗora tayil ko ɗaya. Bangon ɗakin kwana kuma a kankare fentin da ya lalace a bar shi a buɗe makonni, ana kunna fanka, har sai gwajin leda ya fito a bushe, sannan a yi fenti. Idan za a mayar da sif, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango.